Hukuncin ware kifi mai juriya don fitar da iri

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwada a Yawuri. Duk bazara zafi kan kashe min kifi, sai na fara ware waɗanda suka tsira ina ƙyanƙyasar ƙwansu. Wani ya ce min canza halittar Allah nake yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, aikinka halas ne. Canza halittar da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta zarga shi ne irin tsage kunnuwan dabbobi don camfin jahiliyya. Kai ba ka ƙirƙiri komai ba, juriyar nan Allah ne ya sanya ta a jikin wasu kifaye, ka lura da ita ka zaɓa. Haka manomi ke ajiye zangarniyar gero mafi kyau don iri. Muslim ya ruwaito cewa da dabinon Madina ya lalace bayan an bar yi masa barbara, Annabi (SAW) ya ce: "Ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku." Masana ma sun bi wannan hanya ta zaɓen iri da karfasa a ƙasar Filifin tun 1988.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Na ga kwamin da aka cusa wa kifi fiye da kima, ruwan ya yi kore yana wari, da asuba duk sun taso sama suna haki, mai shi yana cewa ai irin mai juriya ne. Wannan zalunci ne. Juriyar dabba ba ta halatta azabtar da ita, domin Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, kamar yadda ya zo a hadisin Shaddad ɗan Aus. Kada ka hana su canjin ruwa da gangan don ka ga wanda zai tsira. Zafin Afrilu ya ishe ka gwaji.

Fede namijin tarwada don ɗaukar maniyyinsa ya halatta saboda buƙata, amma a kashe shi da gaggawa kafin a tsaga cikinsa. Naman kuma a ci, kifi ba ya buƙatar yanka.

In za ka sayar da 'ya'yan, faɗi gaskiyar asalinsu. Yawan haɗa kifayen uwa ɗaya uba ɗaya yana raunana iri, kuma sayar da irin wannan da sunan ingantacce algus ne, haramun.

Allah ne mafi sani.