Kuɓewa, yauƙi da "sha yanzu magani yanzu"

Wata mai karatu daga Gusau ta aiko da tambaya. An turo mata saƙo a WhatsApp cewa a yanka kuɓewa biyu, a jiƙa ta kwana a ruwa, a sha da safe, wai ciwon suga ya tafi ke nan. Da ta karanta wa kakarta, sai tsohuwar ta taɓe baki ta ce, "Guro ne kuma ya zama sha yanzu magani yanzu?" Shi ne take son bayanin maganar.

To, 'yar'uwa, guro dai ita ce kuɓewa a bakin Sakkwatawa da Zamfarawa da mutanen Nijar da yawa. Amma "sha yanzu magani yanzu" kirari ne na masu tallar magani a kasuwa, waɗanda ke rantse maka cewa kafin ka ajiye ƙoƙo ka warke. Bahaushe ya ɗauke shi ya mai da shi gatse, yana faɗa wa duk abin da aka zuzuta fiye da ƙima. Ashe ba kuɓewar kakarki ta raina ba, gishirin da aka ƙara mata ne ya yi yawa.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne yauƙi, wancan zaren da ke bin ludayi in an ɗaga miya, irin na karkashi da lalo. Yauƙin nan yana rage saurin shigar suga cikin jini bayan cin tuwo, kuma yana sauƙaƙa bayan gida. Kuɓewa na da bitamin C da K, sai dai kanwar da muke jefawa don miya ta ja tana kashe wani ɓangare na C ɗin. Rage sauri daban, warkarwa daban. Wani bincike ma da aka yi da ɓeraye a Bangaladash a 2011 ya nuna ruwan kuɓewa na tare ƙwayar metformin, wadda ake ba masu ciwon suga, ta kasa shiga jini yadda ya kamata. Don haka mai shan ƙwayar nan ya fara jin ta bakin likita tukuna.

Af, kalmar yauƙi ba ta tsaya a tukunya ba. Yarinyar da aka aika ta tafi tana jan ƙafa tana yanga, ita ma cewa ake tana yauƙi, don tafiyarta ta ƙi tsinkewa kamar miyar ɗanyar kuɓewa a bakin mara.