Me ya sa gilashin zinare ba ya yin ja sai an sake gasa shi?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa gilashin da aka narkar da zinare a ciki ke fitowa garau, sai an mayar da shi wuta sannan ya yi ja.

A narkon farko, zinaren a warwatse yake, ƙwayar zarra ɗai-ɗai mai caji, ba ta da abin da za ta yi wa haske. Da an sake dumama gilashin zuwa wajen digiri 500 zuwa 700 na Salsiyas, sai ya ɗan saki jiki. Kuzar da aka zuba tun farko ta ba zinaren lantarki ya koma ƙarfe, ƙwayoyin su riƙa rarrafe suna haɗuwa. Dunƙule kaɗan ke fara kafuwa, sauran su manne musu, daga baya manya su cinye ƙanana.

Idan faɗin dunƙulen ya kai 'yan gomomin nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), yakan shanye koren haske mai tsawon zango kusan nanomita 520, ja ya wuce zuwa idonka. Azurfa kuwa rawaya take bayarwa.

A ganina, lokaci ya fi zafi wuyar sha'ani. Ka bar shi ya daɗe, dunƙulen su yi ƙiba, jan ya dushe ya koma ruwan hanta.