Wace na'urar GPS ce ta dace da keken hawan dutse?

Tambaya: Salam Malam, ni dai ina yawan shiga daji da keke ina bin ƙananan hanyoyi na kan duwatsu, waya nake ɗaurawa a hannun keken amma caji ba ya kai ni ko'ina, in rana ta take kuma ba na ganin komai. Ina so in sayi ƴar na'urar GPS ta keke, me zan duba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kar girman sikirin ya ruɗe ka, abin da za ka fara tambaya shi ne ko taswira tana zaune a cikin na'urar ba sai da intanet ba, don a daji sabis ɗin waya ɗaukewa yake, kuma ka tabbatar tana karɓar fayil ɗin GPX mai ɗauke da zanen hanya, wato ka zana hanyarka a manhajar Komoot ko ka ɗauko a manhajar Trailforks ka tura mata, in ka kauce ta yi maka ƙara.

Sai maganar sigina, nan ne fa ake shan wahala. A ƙarƙashin manyan bishiyoyi ko cikin kwari saƙon tauraron ɗan'adam yana bugun dutse ya dawo, sai na'urar ta nuna ka a wata hanya daban alhali kana kan taka, a mararraba kuwa wannan kaɗai ya isa ya ɓatar da mutum. Shi ya sa masu kama zango biyu na saƙon tauraron, wato L1 da L5, suka fi, irin su Garmin Edge 540 da 840 da suka fito a 2023. Bambancinsu, 540 maɓallai ne zalla, 840 tana da sikirin na taɓawa ƙari a kan maɓallan. Ni kam maɓalli nake so, safar hannu da gumi da laka ba sa shiri da sikirin na taɓawa, sai dai gaskiya jan taswira da maɓalli akwai gajiya. Wahoo Elemnt Roam ma ba laifi, a waya ake saita ta cikin sauƙi.

Ruwa kuma ka duba alamar IPX7, wadda ke nuna na'urar tana jure ruwa. In ka saya kar ka ɗaura ta a sandar nan mai leƙowa gaba irin ta masu tseren kwalta, faɗuwa ɗaya ta tafi, ka matso da ita baya ka kuma ɗaure ƴar igiyarta a hannun keken.