Na'urar karanta lambar kaya tana ɗaukewa a cikin sito

Tambaya: Malam, ni ke kula da siton wani kantin kayan masarufi a Kano. Mun sayo na'urorin hannu guda huɗu na kamfanin Zebra, masu karanta baƙaƙen layukan nan na jikin kwali. A bakin ƙofa lafiya lau suke aiki, amma da yaro ya shiga can ƙurya wajen katan-katan ɗin ruwan gora, sai sadarwa ta ɗauke. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ɗora wa na'urorin laifi. Ruwa yana shanye siginar Wi-Fi, kantocin ƙarfe kuma suna tare ta. Akwatin Wi-Fi ɗaya da ke ajiye kan teburin manaja ba zai kai ƙurya ba.

Ka ƙara na biyu, ka kafe shi sama kusa da rufi, ka haɗa shi da na farko da wayar kebul. Sunan layin da kalmar sirri su zama iri ɗaya sak, don na'ura ta riƙa sauya akwati da kanta yayin da yaron ke tafiya. Amma tasha kam, wato hanyar da kowane akwati ke watsa siginarsa a kai, ka bambanta: a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, tasha ta 1 da ta 6 da ta 11 ne ba sa hawa kan juna. Ka ba ɗaya 1, ɗayan 11.

Sai tsaro. Na taɓa ɓata yini guda kan wata tsohuwar na'ura da ta ƙi shiga layi, har na fara zargin batir. Ashe shi sabon akwatin, tsarin tsaro na WPA3 kaɗai yake karɓa, ita kuwa tsohon tsari na WPA2 ta sani. Ka duba wannan tun kafin ka hau tsani.