Batsa a kwamfutar laburare: me ya hana a toshe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A Amurka muke zaune da iyali. Na kai ɗana laburaren unguwarmu, sai ga wani magidanci yana kallon batsa a kwamfutar da ke kusa da mu. Da na yi ƙorafi aka ce mini ai baligi ne. Tunda ba sa sayen mujallun batsa, me ya hana su toshe ta a intanet?
Wata uwa, daga Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Hujjar nan taki ita ce ta yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka a 2003. Majalisa ta yi dokar CIPA a 2000, wadda ta ce duk laburaren da ke karɓar tallafin intanet daga gwamnatin tarayya sai ya sa manhajar tacewa, wato matatar da ke toshe hotunan batsa a kwamfuta. Ƙungiyar laburarorin ƙasar ta kai ƙara, alƙalai 6 cikin 9 suka tabbatar da dokar. Alƙalin Alƙalai Rehnquist ya ga cewa yadda laburare ke zaɓen littafin da zai saya, haka zai zaɓi abin da zai buɗe. Mai shari'a Souter bai yarda ba: a wurinsa wannan tamkar a sayi kundi ne a yayyage shafukan da ba a so.

Sai dai dokar ta bar ƙofa. Baligi na iya neman a cire masa matatar, laburaren da ya haƙura da tallafin kuwa ba ta hau kansa ba. Mai yiwuwa naku yana cikin ɗayan biyun.

Ni ina bayan tacewa a sashen yara, ba ja. Amma manhaja ba ta da hankali. Binciken gidauniyar Kaiser na 2002 ya gano cewa in an sassauta ta, tana tare kashi 87 cikin 100 na batsa. In an tsaurara ta, tana tare kashi 91, amma ta haɗa da kashi 24 na shafukan lafiya. Matar da ke neman bayani kan sankarar mama, ga kunya, sai ta je ta roƙi ma'aikaci ya buɗe mata? Da yawa tashi za su yi su tafi.

Ki nemi rubutacciyar ƙa'idar intanet ta laburaren, ki rubuta wa hukumar gudanarwarsa, zamanta a buɗe yake ga jama'a. Ki nemi a raba kwamfutocin manya da na yara, a kuma sa wa allunan kariyar da ke hana na gefe gani.