Ta ina ɗalibin aji uku zai kama ra'in Mazahabar Farankfot?

Ka ce an ba ku rubuce-rubucen Adorno da Horkheimer, masanan Jamus jagororin wannan mazahaba, a kwas ɗin tarke (wato nazarin adabi), ka karanta shafi goma ba ka fito da komai ba. Matsalar ita ce ka faro daga tsakiya. Mutanen nan, da cibiyarsu ta bincike da aka kafa a birnin Farankfot na Jamus a 1923, a kan tunanin masanin falsafa Karl Marx suka yi gini. Don haka fara riƙe abu uku nasa: aji (wato rabuwar al'umma zuwa masu jari da ma'aikata), haja, da aƙidar masu mulki. Sannan ka ɗauki maƙalar Horkheimer ta 1937 a kan ra'in tarke, kafin babin masana'antar al'adu (yadda ake mayar da fim da waƙa haja) na littafin da shi da Adorno suka fitar a 1947.

Kada ka wuce shafi biyar a zama ɗaya. Kowane sakin layi, ka mayar da shi jimla ɗaya da bakinka a gefen takarda. In ta ƙi fitowa, ba ka gane ba, koma. Daga nan gwada ra'in a kan abu guda, ko tallan sabulu ne a talabijin: wa ya biya, me ake son ka ji ka rasa?

Inda ɗalibai ke faɗuwa kuwa a kundin digiri ne. A jibge ra'i a babi na biyu, babi na huɗu, inda ake yin ainihin nazarin, ya zo ba ko ƙamshinsa.