Zauren Baba Injiniya: Kamfanin fasa dutse ya kawo takarda, mu sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, a nan bayan garin Kano. Wani kamfani ya sami izinin fasa dutsen da ke bayan firamarenmu. Sun zo gidan dagaci da buhunan shinkafa, sun ce za su haƙa mana rijiyar burtsatse biyu, su ƙara azuzuwa, su ɗauki matasa aiki. Takardar da suka kawo shafi ɗaya ce, kuma ana so dattawa su sa hannu ranar Asabar. Dattawan sun ce a karɓa kawai, tunda gwamnati ta riga ta ba su izini. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka je wurin dattawan nan da ladabi, ka roƙe su a ɗaga ranar Asabar ɗin.

Ta wani ɓangare dattawa sun yi gaskiya. Tsarin mulkin Najeriya ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, kuma ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja shi ke bayar da lasisi, ba dagaci ba, ba hakimi ba. Sai dai dokar ma'adinai ta 2007, a sashe na 116, ta wajabta wa mai lasisin haƙa ko na fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Ashe rijiyar da azuzuwan ba alfarma ba ce aka yi muku. Kamfanin yana buƙatar sa hannunku, shi ya sa ya zo da shinkafa. Dokar ta ce idan kun kasa daidaitawa sai a kai maganar gaban Ministan ma'adinai, kuma duk bayan shekara 5 ana sake duba yarjejeniyar.

Abin da ya fi damuna shi ne shafi ɗayan nan. Na yi aikin titi da na ruwa a ƙauyuka da dama, kuma abin da na fi gani shi ne tanki a saman ƙarfe, an rubuta sunan wanda ya bayar da manyan baƙaƙe, ƙasa kuwa kan famfon ya yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsa. Ka tambayi mutanen wurin, za su ce maka injin jawo ruwan ne ya ƙone a shekara ta biyu, ko an sace farantan sola, kuma ba wanda ya san wa zai gyara. Kamfani ya ce ya cika alkawari, ƙaramar hukuma ta ce ba aikinta ba ne, mata da yara suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Saboda haka kalmar "rijiya biyu" ba ta ishe ku ba. A rubuta inda za a haƙa, watan da za a gama, girman tanki, da wanda zai ɗauki nauyin gyara muddin kamfanin yana aiki. A ware kuɗin gyara duk shekara, a zuba a asusun banki da mutum uku ke sa hannu, ɗaya daga cikinsu mace, domin mata ne suka san ranar da ruwa ya ɗauke. A tura matasa biyu su koyi gyaran injin da wayarin sola tun ana haɗawa.

Haka maganar aiki. "Za mu ɗauki matasanku" yakan ƙare a masu gadi biyu da mai shara. Ku nemi adadi a rubuce, ku nemi a koya wa wasu tuƙin katafila, walda da kanikanci, sana'ar da za ta ci da su ko bayan dutsen ya ƙare.

To amma ɗana, ka ce dutsen yana bayan firamare. Wannan ya fi rijiyar muhimmanci. Fasa dutse da nakiya ake yi, kuma girgizar tana tsaga bango, musamman ginin ƙasa. Kafin a tayar da nakiyar farko, ku bi gidajen da ke kusa da azuzuwan makarantar ku ɗauki hoton kowane bango, da kwanan wata, wakilin kamfani yana tsaye ya sa hannu. Idan ba ku yi haka ba, ranar da bango ya tsage za a ce muku dama can a tsage yake. A rubuta lokacin tayar da nakiya, ya zama bayan an tashi yara, a kuma busa jiniya kafin a tayar. Ƙurar dutse kuma ba irin ƙurar hunturu ba ce. Wanda ya daɗe yana shaƙarta huhunsa na taurara, kuma ba ya warkewa. A sa sharaɗin yayyafa ruwa a injin niƙa da hanyar da tifofi ke bi, a rufe tsakuwa da tamfol, a hana tifa wucewa ta ƙofar makaranta. Titin da tifofin za su farfasa da kwalbatin da za su karya, a rubuta wa zai gyara.

Ku tambayi kamfanin rahoton binciken tasirin aikin ga muhalli. Dokar 1992 ta tanadi wannan bincike ga manyan ayyuka, kuma akan baje rahoton na kwana 21 na aiki domin jama'a su karanta su faɗi ƙorafinsu. Idan suka fara kame-kame, ku rubuta wa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ofishin ma'aikatar ma'adinai ta tarayya da ke nan Kano, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi.

Sai ranar tafiyarsu, wadda ba mai son tunawa da ita lokacin da ake rabon shinkafa. Mu Kanawa mun san abin da rami ke zama. Kududdufan cikin birni daga haƙar ƙasar gini suka samo asali, ga su nan sun zama matattarar sauro da shara, kuma duk damina sai an ji yaro ya faɗa. A Filato har yau akwai tafkunan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Ramin dutse ya fi kududdufi zurfi, gefensa a tsaye yake, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa. Doka ta ɗora wa mai lasisi gyara wurin bayan ya gama, amma ku sa shi a takardarku ƙarara: katanga tun yanzu, cikewa ko gyaran ramin a ƙarshe.

Kada dattawa su kaɗai su sa hannu. A zauna a fili, da liman, da shugaban makaranta, da wakilan mata da matasa da masu gonakin da ke maƙwabtaka da dutsen. A fassara takardar da Hausa a karanta a bainar jama'a. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauyanku, kada ku dogara da na kamfani. Kuma kada ka yi wa dagaci tsaurin ido a gaban baƙi. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ka nuna masa sashen dokar.

Tambaya: Baba, sabon titi zai ratsa gonar da mahaifinmu ya bar mana, an zo an kafa turaku. Ni ce babba, ƙannena duk ƙanana ne. Yaya ake lissafin diyya?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, 'yata. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka diyyar ta fi karkata ga abin da ke kan filin: gini, rijiya, amfanin gona da itatuwa masu amfani irin su mangwaro, ɗorawa da kuka. Kafin masu ƙiyasi su zo, ki ƙirga komai ki ɗauki hoto a gaban mai unguwa. Ranar ƙiyasi ki tsaya da kanki, ki tabbata sunan magada aka rubuta, ba na dillali ba, ki karɓi lambar fom ɗinku. Idan kuɗin da aka yanka bai yi muku ba, kwamitin rabon filaye na jiha ake kai wa ƙorafi a rubuce. Ki tafi da takardar rabon gado daga kotu, domin za a neme ta.